Tabarmin kaba na rumfar wani dattijo a kasuwar Mai'aduwa: wadda ta ci kuɗinta da wadda ba ta ci ba

Wanda yake neman tabarmar da zai shimfiɗa a inuwa da bazara ya zauna ba tare da tufafinsa sun manne masa a jiki ba, ya sayi ta kaba. Wadda kuma take neman abin da za ta shimfiɗa wa yara masu fitsarin kwance da ɓarin koko, kada ta wahalar da kanta, ta roba ce daidai da ita. Sai dai ita ma ta kabar iri-iri ce, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda mai kyau take neman gagarar mai saye, ba don tsada kawai ba, har don masu saƙa ta sun fara ganin ba ta biyansu wahalarsu.

Ina koyar da matan aure karatu a gidana a Daura, daga la'asar zuwa dab da magariba. A ƙarƙashin rumfar kwano muke zama, a kan siminti. Duk wanda ya san zafin Daura a watan Afrilu ya san abin da kwano da siminti suke yi wa mutum. Shekara da shekaru tabarmin roba muke shimfiɗawa, kuma kusan kowace shekara sai na sake wasu, domin gefen da rana take dukansu yakan bushe ya riƙa marmashewa, har ka ga ɓurɓushin ja da kore a ƙafafun yara. Tsofaffin cikin ɗalibaina su ne suka dame ni da maganar kaba. Ɗaya daga cikinsu har buzunta take zuwa da shi, ta ce ita ba za ta zauna a kan leda ba.

Kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi take ci, kuma an fi saninta da dabbobi, domin tana bakin iyaka, kusa da Kwangwalam, ta inda ake shigowa daga Matamai da Damagaram. Amma in ka wuce hayaniyar kara ka nufi layin masu igiya da faifai da malfa da tsintsiya, nan za ka tarar da masu tabarmi. Rumfar da nake magana a kai ta wani dattijo ce mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Ba shi da allon suna, ba shi da lambar waya a rubuce. Tabarmin a naɗe suke, an jingina su a tsaye, ƙanana a gaba, manya a baya, masu kyan kuma suna can ciki ya lulluɓe su da buhu saboda ƙura. In ba ka tambaya ba, ba za ka san suna nan ba.

Iri uku na saya a wurinsa. Akwai ta gama-gari, mai faɗin tsaga, launin ƙasa-ƙasa, wadda na biya Naira 3,000. Akwai mai rini, ja da kore da baƙi, Naira 4,500. Sai fara mai ƙananan tsaga, wadda ya ce daga wajen Tasawa aka kawo ta, ya sa mata 8,000, muka daidaita a 7,000. Kuɗin da na biya ke nan a lokacin, kuma kowa ya san farashi a ƙasar nan ba ya kwana inda ya yini.

Farar ita ce tabarma. Da ka ɗora hannu za ka ji bambanci. An yi ta da kabar da aka yanko tun tana zuciya, ganyen bai gama buɗewa ba, shi ya sa take da haske da laushi. An tsaga ta siriri, saƙar ta matse har in ka ɗaga ta ka kalli rana da ƙyar za ka ga haske yana ratsawa. Inda aka haɗa layi da layi ba ya tudu, sai ka shafa da yatsa kafin ka gane wurin. Bakinta an naɗe shi sau biyu an ɗinke da siririyar igiyar kaba. Ta yi bazara guda da damina guda a wurina, mata suna hawa suna sauka, ba inda ta zare. Launinta ya ɗan koma ruwan zuma, ta kuma ƙara santsi. Sabuwar tabarmar kaba tana da wani ƙamshi na busasshen ganye da yakan ɗauki makonni kafin ya tafi, kuma ni dai ina sonsa.

Abin da ya fi komai shi ne sanyi. Kaba ba ta riƙe zafi, kuma tana shan gumi maimakon ta bar shi ya taru a ƙarƙashin mutum. Da azahar ɗin bazara na taka ta roba da ta kaba da suke gefe da gefe a bakin rumfa, ta robar sai da na ɗage ƙafa. Ga kuma sujada: goshi yana zama daram a kan kaba, ba ta zamewa a kan siminti yadda ta roba take yi in yaro ya rugo ya taka gefenta. Wata rana garwashi ya faɗo daga kaskon turare ya sauka a kan farar, ya bar ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar wake kafin a ɗauke. Da ta roba ce da ta narke ta yi rami, kuma daga ramin nan take fara warwarewa.

Ta gama-garin ba ta yi mini ba. Tsagar ta yi faɗi, saƙar sakwa-sakwa, ga tsinke-tsinke a jiki da suke soke mutum ta cikin zani. Kafin damina ta ƙare bakinta ya fara kwancewa. Yanzu shanyar kuɓewa da barkono nake yi a kai, kuma a wannan aikin ba ta da laifi. Mai rinin kuwa saƙarta da dama, amma galura aka yi amfani da ita, ba a kuma dafa ta da kyau ba. Yayyafi ya taɓa ta, jan ya bi farin hijabin wata ɗalibata. Da na koma na gaya wa Baba, bai yi musu ba. Ya ce, “Malama, rinin yanzu ke nan. Da can da karan dafi ake yin ja, baƙi kuma da bagaruwa da taɓo, ba ya zuba. Yanzu wa zai tsaya?” Bai mayar mini da kuɗi ba, ban kuma nema ba, amma ya ƙara mini faifai biyu. Da ya faɗa mini tun farko cewa a kiyaye ta da ruwa, da ya fi.

Kada in yi wa ta roba rashin adalci. Tana da sauƙin ɗauka, ana wanke ta da omo a shanya ta bushe nan da nan, gara ba ta cinta, kuɗin cizo ba ya samun maɓoya sosai a cikinta, ana kuma ninke ta a sa a bayan babur. Ta kaba ba a ninke ta, naɗewa ake yi, in ka ninke ta ka karya ta. In ta jiƙe ba a shanya ta ba sai ta yi fumfuna ta yi baƙi. In ka bar ta a ƙasa a ɗakin da ba siminti, gara za ta yi maka aiki a dare ɗaya. Wanda ya yi barci a kanta ba shimfiɗa zai tashi da zanen saƙa a kumatu. Ga masallacin da ake shimfiɗa sahu goma a waje ranar Juma'a a kwashe bayan an idar, ba wanda zai ce a sayi kaba. Kamfanonin roba na Kano sun san abin da suke yi, sun cika kasuwa da abin da yake da arha da launi, kuma mutane ba wawaye ba ne da suka karɓa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin kuɗin. Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye arewa da mu, wadda tun tana budurwa take saƙar tabarma. Na kai mata farar nan ta gani. Ta juya ta, ta duba bayanta, ta ja bakin da haƙori, ta ce, “Wannan mai ita ta iya. Allah ya sa an biya ta.” Na tambaye ta nawa take jin an ba mai saƙar. Abin da ta faɗa bai kai rabin abin da na biya ba.

Wanda bai taɓa ganin aikin ba zai ɗauka zama ne kawai a inuwa ana hira ana motsa yatsu. Sai an je daji an yanko kabar, ko an saya a dami. Ganyen yana da ƙaya a jikin sandarsa, hannun goggona duk tabo ne. Sai a shanya ta bushe, a tsaga ta, a cire ƙashin tsakiya, wanda shi ma ba a zubarwa, tsintsiya ake yi da shi. Sai a yayyafa mata ruwa a rufe ta yi laushi, in ba haka ba karyewa za ta riƙa yi. In da rini, a dafa a sake shanyawa. Sannan a fara saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu, a yi ta yi ana naɗewa har ya yi gammo babba, daga baya a yanka daidai tsawon tabarmar a haɗa layukan ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan a tsakanin daka da ɗiban ruwa da girki da raino ake yinsa. Goggo ta ce ta gama-gari, in ba wata hidima, tana iya gama ta cikin kwana biyu ko uku. Irin farar nan kuwa sai ta haura mako, kuma idonta yanzu ba ya ba ta haɗin kai da yamma.

To ga inda matsalar take. Mai sarin da yake zagayawa ƙauyuka a kan babur ranar jajibirin kasuwa ba ya sayen kyau, ƙidaya yake saye. Zai ɗan ƙara wani abu a kan mai kyau, amma ƙarin bai kai ko kusa da ƙarin kwanakin da ta ci ba. Mace mai hankali, wadda take jiran kuɗin nan ta sayi gishiri da magi da sabulu ta kuma zuba adashe, za ta yi lissafi ta ga gara ta saƙa uku marasa kyau da ta saƙa ɗaya mai kyau. Haka goggona take yi yanzu, ita da ta iya saƙar da ake ajiye wa amarya. Ta gama-garin nan da na kushe a sama, ba mamaki hannun gwana ne ya yi ta, gwanar da aka koya wa cewa gwaninta ba ta da kasuwa. Mu masu saye sai mu ɗauki marar kyan mu ce ai kaba ba ta da ƙarko, mu koma roba, mai sari ya ƙara karya farashi.

Akwai kuma bashi. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mai sari yakan ba mata kuɗi tun kafin su saƙa, a kan za su biya da tabarmi. Taimako ne a ranar da aka karɓa, amma wadda ta ci kuɗin mutum ba ta da bakin yin ciniki. Yawancinsu kuma ba sa zuwa kasuwa da kansu, ko saboda kulle ko saboda kuɗin mota, don haka ba su san nawa ake sayar da aikinsu ba. Goggo da ta ji 7,000 sai da ta ce in maimaita.

Ita kanta kabar ta yi wuya. Kaba ai 'ya'yan goriba ce da ba su yi tsawo ba, kuma in ana yanke zuciyarta kowace shekara ba za ta taɓa tashi ta zama bishiya ta yi 'ya'ya ba. Filayen da da can kowa yake shiga ya yanka yanzu gonaki ne, mai gona kuma ko ya tumɓuke kabar saboda garma, ko ya ce tasa ce sai an biya. Makiyaya ma suna buƙatarta da rani in ciyawa ta ƙare. Shi ya sa kaba mai yawa daga Nijar take shigowa, musamman daga kwarin da ake kira Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi. Madawa kuma, can jihar Tawa, ta daɗe da yin suna a tabarmi masu ado. Ke nan duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa wannan sana'a. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can ranar 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A tsakanin nan Naira ta faɗi, jakar sefa ta ninka kuɗinta, man fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ya haura 1,000 a shekarar da ta biyo baya. Tabarma kaya ce mai cin wuri a mota ba ta da nauyin kuɗi, don haka kuɗin dako yana cinye ta. A yammacin jihar nan ta Katsina kuwa, wajen Jibiya da Batsari, har da ƙetaren iyaka ta Madarumfa, akwai dajin da mace ba ta isa ta shiga neman kaba ba saboda 'yan bindiga. Mu nan gabas Allah ya rufa mana asiri ta wannan fuskar.

Na so in ɗora wa Baba laifi, amma da na zauna a rumfarsa na ga yadda yininsa yake tafiya, sai na sassauta. Shi ma daga hannun mai sari yake karɓar yawancin kayansa. Yana biyan dako, yana biyan kuɗin rumfa, wadda ba a saya ba ya kwashe ta ya mayar gida ya jira wata Lahadin, in ruwa ya taɓa ta asararsa ce. Ina zaune mutane suka yi ta zuwa suna taya tabarma da abin da bai kai kuɗin kwanon gero ba, suna cewa ai ganye ne. Mutumin da ba zai yi ciniki a kan katin waya ba shi ne zai tsaya rabin sa'a yana neman ragin Naira 200 a kan aikin mako guda na wata tsohuwa. Na tambaye shi su wa suka fi saye yanzu. Ya ce Fulanin daji, da masu shanya, da mutanen ƙauye masu baƙi, sai kuma masu rasuwa, domin har yanzu in za a sa mamaci a makara tabarmar kaba ake nema. Ya yi dariya ya ce, “Kin ga ai ba za mu rasa ciniki ba gaba ɗaya.”

Amare kam sun fita daga lissafi. A zamanin iyayenmu ba a kai yarinya ɗaki ba tabarmi masu ado, wasu a shimfiɗa wasu a jingine don baƙi. Yanzu leda ce da kafet da kujeru, ko a ƙauye. 'Yan matan gidan su goggo ba wadda ta zauna ta koyi ƙananan tsaga. Sun fi son ɗinkin hula ko suyar awara, abin da za a ga kuɗinsa da wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Ba zan ce wa yarinya ta lanƙwashe bayanta mako guda saboda a ce ana raya al'ada ba, alhali ni da nake faɗa ina da albashin fansho.

Ga masu niyyar zuwa, rumfar tana da nata aibin. Ba a auna tabarmin, babba da ƙarama da ido ake ganewa, don haka ku auno wurinku da igiya ku zo da ita. Farashin farko ya danganta da irin takalmin da kuka sa. Ba ya karɓar tiransifa, sai dai a je wurin mai POS a ciro, shi kuma ya cire nasa. Ba zai nuna muku masu kyan ba sai kun ce kuna son fara mai ƙananan tsaga, kuma ba kullum ake samu ba. In ya ɗauko, ku sa a warware ta gaba ɗaya a ƙasa, kada ku yarda da ganin bakin naɗi, domin wasu masu saƙar sukan ƙawata layin waje su yi sakaci a tsakiya. Ku ɗaga ta ku kalli rana. Ku shinshina, in kun ji warin danshi ku bar ta. Mai rini kuma ku jiƙa yatsa ku goga a kan jan. Shi Baba ba ya jin haushin wannan, har ma ya fi sakin jiki da wanda ya ga ya san kaya, kuma yana da haƙurin warwarewa da naɗewa ko sau nawa ne.

Abin da na yi daga baya shi ne na ce masa ina son farare guda shida na makaranta, a yi mini su musamman, zan ba da rabin kuɗin tun yanzu, da sharaɗin ya faɗa wa masu saƙar nawa na biya. Ya yi shiru, ya ce sharaɗin nan zai haɗa shi faɗa da mai kawo masa kaya. Muka rabu a kan uku zai sa a yi ta hannunsa yadda ya saba, uku kuma na ba goggo kai tsaye a kan farashin da na saya a kasuwa, ta raba da wata maƙwabciyarta da idonta ya fi nata. Ban ɗauka wannan zai gyara sana'ar ba, tabarmi uku ne. Amma goggo ta aika jikanta har Kwangwalam ya nemo mata kabar zuciya, abin da ta ce ta daɗe ba ta yi ba, domin wannan karon kuɗin zai fitar da ita.

Lokacin saye shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar rani, sa'ad da mata suka huta da aikin gona, kaba kuma ta bushe sosai. Da damina kaya kaɗan ne, ga tsada, ga danshi. Ku je da hantsi kafin masu sari na Kano su kwashe na kirki, kuma in mota za ku shiga ku taho da igiyar ɗaure naɗin, domin direbobin hanyar Daura ninke ta suke yi su cusa a but in ba a tsaya a kansu ba.